Rigar da Gwaggo ta Wanke

Ana kiran assalatu muka bar gida, ni da yayana, da cikina wata biyar da akwatin ƙarfe guda. Tun da jirgi ya ɗaga daga Kano na runtse ido, ban buɗe ba sai da aka ce ga Jidda.

Mutanen gida sun san Umra muka tafi. Gaskiya ne, amma ba ita kaɗai ba. 'Ya'yana biyu sun rasu kafin yaye, duka da tari da rama, in ka sumbaci goshinsu gishiri zau. Tsofaffi suka tatsi nonona suka jefa tururuwa a ciki, ta mutu, aka ce nonon ne mugu, wanda ke ciki ma ba zan ba shi ba. Sai na ji labarin wata likita a Jidda mai bincike kan irin waɗannan yara.

Zafin Jidda ba irin namu ba ne, turara mutum yake kamar dambu a madambaci. Mai tasi ya ce riyal biyar, yayana ya taya biyu sai ka ce a kasuwar Kurmi yake, mutumin ya yi tsaki ya ce "Yalla, mu tafi!" Muka sauka a unguwar Sa'alaba gidan gwaggonmu, wadda ta zo hajji da ƙafa tun tana budurwa ba ta koma ba. Kullum da safe wake ne dafaffe da man zaitun da gurasa faffaɗa, har na fara mafarkin koko. Jikokinta suna jin Hausa, amma da Larabci suke amsawa. Yayana yana can wajen maza. Kwana huɗu na yi a bakin taga ina kallon masu tallar ruwa. Gida cike da mutane, amma ban taɓa jin kaɗaici irin wannan ba.

A ƙasan akwatina akwai rigar ɗana na biyu. Ban taɓa wanke ta ba, gishirin zufarsa ya bushe fari a wuyanta, ita na kawo shaida. Ranar ganin likita na fito daga wanka, sai ga rigar a kan igiya tana ɗiga.

"Haba 'yar nan," in ji Gwaggo, "baƙo ya kwana da dauɗa a gidana? Halas, shi ke nan, ta fita fes."

Na ce na gode, Gwaggo. Me zan ce? Na shinshina, sabulu kawai.

A unguwar Aziziyya likitar take, 'yar Hausawan Sudan ce, Hausarta na ɗingishi. Na tarar ta ɗaure wa wata jaririya ƙyalle a damtse tana tara zufa, za ta auna gishirin. Na miƙa mata jiƙaƙƙiyar rigar ina kuka. Ta ajiye ta gefe, ta jawo babban littafi, ta yi ta tambaya: kalar kashin 'ya'yan nawa, irin tarin, ko ni da maigida 'yan'uwa ne. Na ce ɗan baffana ne. Tun da na binne su, ba wanda ya taɓa zama ya ji labarinsu daga farko sai ita.

Ta ce, "Hajiya, ko ba a wanke ba, riga ba ta gaya mini komai. Ba nononki ba ne. Gado ne, daga uwa da uba tare. Wani ɗa ya ɗauko, wani ya tsira."

Na dafa cikina na ce, "Wannan fa?"

"Allahu a'alam. Sai ya fito. Amma ki ba shi nono."

Ta kifa matashi a cinyarta ta koya mini yadda ake bubbuga bayan yaro majina ta fito. Iyakar abin da na samu ke nan, ba ƙwaya ba allura.

Muka yi Umra, muka juyo. Yau kwanana tara a gida. Na raba dabino da zamzam, kowa na cewa na yi haske. Na koyi cewa mutum kan ƙetare teku ya dawo ba magani, amma a sauke masa kaya daga ka. Saura wata uku da 'yan kwanaki in haihu. Ranar da ya faɗo, kafin a yi masa wanka zan sa harshe a goshinsa. Ko gishiri ko ba gishiri, babu mai sake kawo mini tururuwa.