Sitti Ratiba da Matattun da Ke Bin Layi

Ƙarfe takwas saura kwata Sitti Ratiba Hilal take sauka daga bas a gaban ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na garinmu, riƙe da ledar gurasa da dafaffen wake. Sauran ma'aikata bene suke hawa. Ita ƙasa take gangarawa, matakala goma sha bakwai, zuwa ɗakin tsofaffin littattafai, inda danshin Nilu ke tsattsafowa ta bango ko da tsakiyar zafi. Ta kunna kwan fitila ɗaya tilo, ta yi sallama. Babu kowa a ɗakin, amma sai ta yi, shekara talatin da huɗu ke nan. Na taɓa tambayarta wa take gaisarwa, ta ce, "Mutum dubu ɗari huɗu ne a kan kantocin nan. In shigo musu kamar akuya?"

Kafin shayinta ya huce, matattu sun fara cika benci. Haka ma'aikatan sama suke kiransu, kuma a takarda ba su yi ƙarya ba. A da, a ƙauyukanmu, in jariri ya rasu aka haifi wani, babu mai ɗaukar wahalar zuwa birni yankar sabuwar takarda. Sai a ba sabon sunan marigayin da takardar haihuwarsa. Shi kuwa wanzamin ƙauye, wanda a lokacin shi ke kai rahoton mace-mace, tuni ya rubuta mutuwar. Shekara da shekaru littafin haihuwa da na mutuwa suna ɗaki ɗaya ba su san juna ba. Da aka zuba su a kwamfuta, nan take ta haɗa su, ta kashe mutanen da ke gona suna saran rake. In ka leƙa ɗakin za ka gan su zaune shiru, kowa da takardar mutuwarsa a cinya. 

Bara hukuma ta turo wani Dakta Hazim daga Alƙahira ya auna ƙirƙirar ma'aikata. Ya zo da fom mai tambaya arba'in: na'ura nawa aka sa, minti nawa ake sallamar mutum, takarda nawa aka daina amfani da ita. Shugaban ofis, Ustaz Wagdi, ya sa aka yi fenti, aka maƙala allon kiran lamba a bango. A awon farko, sama ta samu maki tamanin da bakwai. Ɗakin Ratiba ya samu sifili, domin ita mutum ɗaya kan cinye mata mako guda. Abin takaicin ma, duk wanda ta dawo da shi duniya, fom ɗin kuskure yake lissafa shi, makin ofis ya ragu. Aka yanke cewa ranar Alhamis mota za ta kwashe littattafan zuwa masana'antar takarda a niƙe su.

Ranar Talata Dakta Hazim ya sauko da kansa, hankici a hanci, Ustaz Wagdi na biye da shi. Suka tarar da wani dattijo mai rawani a benci, ƙafafunsa a kumbure kamar tulu. Ammu Sabit ke nan, manomin rake. Ƙodarsa ta gaza, likita ya ce a fara masa wankin ƙoda cikin makon nan, amma a asibiti an duba katinsa an ce mai katin ya rasu yana ɗan shekara ɗaya.

"Sitti," in ji dattijon, "an ce ke ce mai kula da mu matattu. To ga ni. Matata ta ce in ta tabbata na mutu in dawo da wuri, za ta fara takaba."

"Ka ce mata ta dakata, Ammu. Naɗe hannun rigarka."

Ya naɗe. A damtsensa na hagu ga tabon lamba, irin ta rigakafin agana, faɗin kan yatsa. Ratiba ta hau kujera ta sauko da littattafai uku. Na haihuwa ya ce an haifi Sabit ɗan Mahran. Na wanzami ya ce zazzaɓi ya ɗauke shi bayan shekara ɗaya. Na ukun littafin masu rigakafi ne, wanda babu wanda ya ga amfanin zuba shi a kwamfuta. Ta bi layi da yatsa, shafi bayan shafi. Can ta tsaya. Shekara uku bayan an binne Sabit ɗan Mahran, an yi wa Sabit ɗan Mahran lamba, ɗan wata biyar, a hannun hagu.

"Gawa ba ta miƙa hannu a yi mata allura, Dakta," ta ce. "Wancan yayansa ne. Wannan shi ne."

Ta rubuta takardar gyara ta miƙa wa Ustaz Wagdi ya buga hatimi. Ya ɓoye hannuwansa a baya.

"Sitti Ratiba, don Allah ki bari sai bayan an gama awon nan. Kuskure ɗaya ya rage mu faɗo daga na uku a lardi."

"Ustaz, ƙodar tasa ka gaya mata ta jira awo?"

Dakta Hazim yana ta juya fom ɗinsa yana neman gurbin da zai sa abin da ya gani, bai samu ba. Sai ya karanta tambaya ta ƙarshe, wadda ake yi wa kowa: "Daga ina kika samo wannan dabara? Wani horo aka tura ki?"

Ta ajiye takardar gyaran. Sannan ta je kantar can ƙurya, ta zaro wani littafin wanzami ba tare da ta duba lambarsa ba, littafin ya buɗe da kansa a shafin da ya saba buɗewa. Ta juya masa. Ya karanta a fili, muryarsa na raguwa: "Ratiba 'yar Hilal. Mace. Shekara ɗaya da rabi. Ƙyanda."

Ya ɗago ya dubi sunan da ke kan katin aikin da ke maƙale a ƙirjinta. Ta ɗan ja hannun rigarta, tabon ya bayyana.

"Watana na farko a ɗakin nan na ci karo da shi," ta ce. "Na koma gida na tambayi mahaifiyata, ta yi kuka ta kai ni maƙabarta. Duk Sallah ina zuwa in gaishe da kaina."

Ammu Sabit ya yi salati a hankali. Dakta Hazim ya sauke hankicin daga hancinsa. Ya zaro hatimin daga aljihun Ustaz Wagdi, ya sa masa a hannu, ya tsaya a kansa har ya buga. Sannan ya juya bayan fom ɗin, inda babu layi babu gurbi, ya tambaye ta mutum nawa ta dawo da su. Ta ce ɗari biyu da goma sha uku, har da na yau. Ya rubuta da hannunsa. Ranar Alhamis motar ta zo ta koma wayam. A ranar ne kuma aka ɗora Ammu Sabit a kan na'urar wanki, kuma da nake wannan rubutu yana nan da ransa, yana faɗa da matarsa.

Sitti Ratiba, ke ce kika zauna a ƙarƙashin ƙasa don waɗansu su yi tafiya a kanta da sunansu. Ke ce aka auna aka ba ki sifili, kika ɗauki ledar gurasarki kika dawo washegari. Ban san abin da ake kira ƙirƙira a Alƙahira ba, amma na san babu wanda ya riga ki tunanin haɗa littafi uku da tabon hannu.

Ƙarshen watan nan take ritaya, don takarda ta ce ta cika sittin. Ba ta cika ba, shekarun yayarta ne, saura mata uku. An ce ta gyara, ta ce a'a: "Ta ara mini sunanta ban taɓa gode mata ba. A bar mata shekarun, ta samu ta tsufa."

Mun gode, Sitti, Allah ya saka miki. Ku kuma da ake ba ku fom ku auna aikin mutane, ku riƙa juya bayan takardar, ku riƙa sauka matakala. Wanda duk ya gaji ɗakin nan kuwa, in ya kunna fitila da safe, ya yi sallama. A kanta ta can ƙurya akwai wata yarinya da ta saba jin muryar ƙanwarta.