Mai Amsa na Huɗu

A gidan rediyon kowa Injiniya yake ce masa, ko da yake bai taɓa leƙa jami'a ba sai ranar da ya raka 'yar ƙanwarsa yin rajista. Aikinsa haɗa sauti. Tun yana saurayi yake zaune a wani ɗan ɗaki mai sanyin tsiya, yatsu a kan maɓallai, gilashi tsakaninsa da masu magana, kuma a nan furfura ta same shi. Matsoraci ne, shi ma bai taɓa musu ba. Ko ƙarfe nawa ka tambaye shi, sai ya waiga kafin ya ba ka amsa.

Akwai wani aiki nasa da ba a rubuta a ko'ina ba. A shirin safe na kiran waya, da zarar mai kira ya fara ambaton sunan wani babba, Injiniya zai ja maɓalli ƙasa, sai a ce wa masu sauraro layi ya samu matsala. Manaja bai taɓa umartar sa da baki ba, kallo ya ishe su. Ya yi ta yi har hannunsa ya koyi riga kunnensa.

'Yar ƙanwar tasa, wadda ya riƙe tun rasuwar mahaifinta, ta kai digiri na biyu, tana bincike a kan abin da 'yan jarida ke haɗiyewa ba su faɗa ba. Ta zaga gidajen jarida har takalminta ya cinye. Wannan ya ce ta dawo gobe, wancan ya rantse su ba su da wata matsala.

"Kawu, kowa ya rufe mini ƙofa," in ji ta. "Malamina ya ce in ban samu masu magana ba, sai in sake batu. Shekara ta tafi ke nan."

"To ki sake mana, 'yar nan."

"Ba za a sa suna ba, wallahi. Lamba kawai zan ba kowa."

Da ta fara share hawaye, sai ya rufe tagar falo, ya ƙure fanka don kada maƙwabta su ji, ya faɗa mata komai. Bai tsaya nan ba. Ya je ya lallashi mai karanta labarai, wadda ke kiran sa Baba, mai goyo, ga miji ba aiki. Ta ce tana tsoro. Ya ce, "Ni na tsaya miki."

Yarinyar ta cika alkawari, ba ta sa sunan ko ɗaya daga waɗanda suka yi mata magana ba, lambobin ma ta gauraya su. Sai dai ƙa'idar bincike ta ce a ɗan bayyana kowane mai amsa, ita kuwa ga son burge malamai. Ta rubuta cewa na huɗu dattijo ne da ya daɗe yana haɗa sauti a shirin kiran waya na safe. A duk garin mutum ɗaya ke wannan aikin. Jami'a kuma ta ɗora binciken a intanet, kowa ya karanta.

Daga ranar da ya ji, abinci ya daina wuce masa. In wayar ofis ta yi ƙara sai ya bar wani ya ɗauka. In mota ta tsaya a ƙofar gida, sai ya ce wa matarsa ta leƙa tukuna.

Wata safiya ana tsakiyar labarai, manaja ya turo ƙofar ɗakin, ya jawo kujera ya zauna dab da shi.

"Injiniya, kai ne na huɗu, wannan ko makaho ya gani. Kai ba ka dame ni ba, tsufa ne. Na biyu nake nema, wanda ya faɗi sunan mutumin da ke bugo mini waya. Su can sama sun ce in kawo shi yau, ko in kawo ka."

"Ranka ya daɗe, ban sani ba."

"Kai ka kai 'yar ƙanwar taka wurin mutane. Wane ne?"

Injiniya ya danne leɓensa. Ya riga ya rantse a ransa ko za a yanka shi ba zai furta ba, kuma bai furta ba. Amma tsoro ya fi ƙarfinsa, idonsa ya ɗaga da kansa ya tsallaka gilashin, inda mai karanta labarai ke juya takarda. Ta hango shi, ta ɗan yi masa murmushi.

Manaja ya bi idon da kallo. Ya miƙe a hankali, ya dafa masa kafaɗa.

"Na gode, Baba," in ji shi. "Bar ta ta gama karantawa."