Kifin da Muka Aro

Wata Laraba cikin bazara, shekarar da na shiga aji uku a lakwal, ina wanke tukwane a bakin tabkin Madarunfa sai ga wata mata daga Yamai da kamara a kafaɗa. Silima take yi, amma irin nata ba waƙa ba faɗa. Sai ta kafa kamarar a kan taɓo mai tsagewa ta yi tsit har rana ta take, mu 'yan mata muna ta ƙyalƙyala dariya, muna cewa ta zo ɗaukar hoton kwaɗi. Ta gaya wa babana, wanda masunci ne, cewa Nasara sun ɗauki kakanninmu suna murmushi a gaban buhunan gyaɗa, ba su ɗauki itatuwan da aka sare ba, ita kuwa yashin da ke cinye tabkin take so duniya ta gani. Ta roƙe shi ya jefa birgi, ragarsa ta kamun kifi, gobe kamar yadda ya saba.

Baba ya sa rai ƙwarai cewa in manya suka ga silimar za a zo a yashe mana tabki. Amma mutum ne mai kunyar tsiya, ga shi kwana huɗu birginsa bai kamo abin kirki ba. "Baƙuwa ta taho tun daga Yamai, mu nuna mata hannu wohi?" in ji shi. Da sassafe ya aike ni gidajen masunta da ƙwarya, na bi ɗaya bayan ɗaya ina aron tarwaɗa da karfasa masu sauran motsi, ya ɓoye su cikin birgin a bayan ciyawa. Da ya jawo shi a gaban kamara, maƙil yake. Na yi ta tsalle, ina ganin mun fita kunya.

Ba wanda ya zo yasa. Baba ya rataye birginsa, ya koma dako a Ɗan Issa, can ya rasu. Ban ce kifin aron ne ya jawo ba, amma abin yana cina har yau, don inda nake wanke tukwane yanzu gonar wake ce.

Bara na sami silimar a waya, na nuna wa ɗana kakansa yana dariya da birgi cike. Ya dube ni ya ce, "Inna, duk wannan kifi, me ya sa kuka bar sana'ar su?"