Abin da Na Riƙa Zubawa a Kunun Baba

Ina yi wa masu karatu sallama. Na daɗe ina son rubuto wannan, sai in ɗauki biro in ajiye. A lokacin da abin ya faru ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina zaune a Tudun Wada, Zariya, ina ɗinkin zanin gado a gida. Karatuna bai wuce firamare ba. Kowa a gidanmu ya san ni da fargaba. Ni ce mai komawa sau uku in duba ko na kashe risho, ni ce mai sake alwala don kokwanton ko na wanke gwiwar hannu. Tun rasuwar Innarmu, abincin mahaifinmu a hannuna yake.

Baba ya haura saba'in lokacin da likitoci suka ce wata ƙofa a cikin zuciyarsa ta tsuke, sai an yi masa aiki. Suka sa rana, wata biyu. Abin da ya hana ni sukuni shi ne ramarsa. Loma uku zai yi ya ture kwano, agogonsa har ya fara zamewa daga hannu. Kullum tunanina ta yaya wannan jikin zai ɗauki wuƙa. Wata da muke islamiyya tare a Gyallesu ta ce ai gina shi zan yi kafin ranar, ta lissafa mini ƙwayoyin tafarnuwa, da na man kifi, da wani na ganyen bishiyar ƙasar waje. Na je wani kemis wajen Kongo na sayo. Na tambayi mai shagon har sau biyu ko suna da illa, ya yi dariya ya ce Hajiya, ai waɗannan ƙarin kuzari ne kawai, ko lafiyayye yana sha.

Baba mutum ne da ba ya son ƙwaya. Na asibiti ma sai ya ƙirga su a tafin hannu yana mita. Na san idan na nuna masa zai ƙi, Yayanmu kuma zai ce na fara halin nawa. Sai na riƙa daka masu tauri a ƙaramin turmi, masu man kuma in huda su da allurar ɗinki in matse a kunun gyaɗarsa, in ƙara citta da kanumfari don su danne warin. Safe da yamma, ban taɓa tsallake rana ba.

Duk zuwa asibiti Yaya ke shiga da shi wurin likita. Ni a benci nake zama a waje, domin ana sa Baba ya tuɓe riga, ba zan iya tsayawa ina kallo ba. A can ciki aka gaya musu cewa mako biyu kafin aikin kada ya sha komai da ba su suka rubuta ba, ko na gargajiya, ko na ƙarin kuzari. Yaya bai ga dalilin gaya mini ba, tun da a saninsa girki kawai nake yi. Abin da ya faɗa mini ɗaya ne, a tsayar da wata ƙwaya mai tsinka jini. Na tsayar da ita a ranar da aka ce, har na yi alama a kalanda. Da na ga jini a asuwakin Baba, da wani tabo shuɗi a damtsensa, sai na ɗauka rauni ne ya ƙaru. Na ninka abin da nake zubawa.

Ana gobe aikin aka kwantar da shi. Da hantsi nas ta ɗebi jininsa ta danna auduga. Ta canza auduga ta biyu, ta uku, jinin yana ta tsattsafowa. Ta kira likita. Ina tsaye bakin ƙofa da fulas ɗin kunu a hannu. Likitan ya duba tabon, ya tambayi Baba a hankali ko akwai abin da yake sha bayan nasu. Baba ya ce babu. Ya sake tambaya. Sai Baba ya ɗaga yatsa ya rantse da Allah cewa babu abin da ya shiga cikinsa sai abinci da maganinsu.

Mutumin da ban taɓa ji ya yi rantsuwa a kan ciniki ba, ga shi na sa ya rantse a kan abin da ba haka ba ne. Ban san lokacin da na ce, “Likita, akwai. Ni nake zuba masa a kunu.” Na zazzage robobin ƙwayoyin daga jakata a kan gado.

Likitan bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, ya ce irin waɗannan suna iya hana jini daskarewa, kuma da an buɗe ƙirjin Baba a haka, mai yiwuwa su sha wahalar tsayar da jinin. Ya ce da na gaya musu ba ya cin abinci, suna da abin da suke ba tsofaffi don su yi ƙarfi kafin aiki, wanda ya dace da su. Baba kuwa ya dube ni, ya tambaya ko akwai kaffarar rantsuwar a kansa. Daga baya malamin unguwarmu ya ce babu, tun da bai sani ba. Ni dai na yi azumi uku.

Aka ɗaga aikin mako biyu. A cikinsu ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya har sallah sai a zaune. Duk tarin da ya yi sai in ji kamar ni na shaƙe shi. Allah ya sa aka yi aikin, ya tashi, amma ya daɗe a kwance fiye da yadda aka yi zato, kuma har yau ban san nawa ne laifina a ciki ba.

Na gane cewa tsoro bai sa na yi hankali ba, ɓoye-ɓoye ya sa ni. 'Yan'uwana masu jinyar tsofaffi, duk abin da kuke ba su, ko a roba yake ko a ƙullin leda, ku kwasa ku kai gaban likita ya gani da idonsa. Idan kunya ta hana ku shiga, ku aika da shi. Masu shiga kuma, ku fito ku gaya wa mai girkin duk abin da aka ce. Kada ku zuba wa mutum abin da bai sani ba, domin shi za a tambaya, kuma da iyakar saninsa zai amsa.