Sai-na-gani, Mai Shafin Baya

Da gari ya waye za ka tarar da shi a ƙofar ɗaki, tabarau a karan hanci, biro a hannu, rediyo na magana yana mayar masa da martani. A ce an ƙara kuɗin mota, ya ce, "To, a ƙara mana ƙafafu mana." A ce an gyara famfunan unguwa, ya ce, "Sai na gani." Nan sunan ya samo asali, har jikokinsa ma da shi suke kiransa. Mai ɗakinsa takan leƙo da tsintsiya ta ce, "Malam, wai tsakanin kai da rediyon nan waye mai gidan?"

Shekara da shekaru shafin baya na wata 'yar jarida nasa ne. Ba ya rubutu a kan asibiti sai ya zauna a layin marasa lafiya. Ba ya taɓa zancen tsada sai ya shiga kasuwa ya taya da bakinsa. Takalmansa sun fi birukansa saurin ƙarewa.

To, bara sai magana ta tashi a wayoyi, wai shugabar makarantar firamare ta sayar da kujerun yara. Zagi kamar ruwan sama. Editan jaridar, sa'an ɗansa, ya kira shi.

"Baba, gari ya ɗauka. Ka ba ni sharhi yau, mai zafi."

"Ɗana, ban je ba tukuna."

"Baba, mutane ba sa jira. In bai zo yau ba, akwai mai jiran shafin."

Ya san ba wasa ake ba, kuma shafin nan shi ne gonarsa, ba shi da wata. Ya ajiye biro, ya nufi makarantar.

Kujerun nan kaf suna rumfar kafinta, ana gyara musu ƙafafu. Malamar ce da kanta ta kai su. Ita kuwa tana gida, kunya ta hana ta leƙa waje. Kashegari ya kai rubutunsa, edita ya ce, "Labarin ya kwana, Baba. Shafin ma an bayar."

Mai ɗakinsa ta ce, "Shi ke nan, sai ka huta."

Ya ce, "Hutu? Ana cin naman baiwar Allah ɗanye?"

Lokacin tashi daga makaranta ya je ya tsaya a bakin ƙofa, inda iyaye ke jiran 'ya'yansu, ya karanta musu rubutunsa da ƙarfi. Kafintan ne ya ba mu labari. Ya ce da aka gama karatun, sai wata uwa ta ce, "Mun ɗauki alhaki. A je a ba ta haƙuri."

Malamar ta koma aikinta. Shafin bai dawo ba, shi kuma bai fasa rubutu ba. Ranar da ya gama, duk wanda ya zauna a bencinsa sai ya saurara.

Kai ne dattijon da ya yarda ya rasa shafi, bai yarda ya shafa wa wani baƙin fenti ba. Mun gode, Allah Ya ƙara lafiya, Ya kare maka idanun nan. Ku kuma 'ya'yana masu saurin yatsa, kafin ku tura magana a kan mutum, ku tuna yana da 'ya'yan da za su karanta.