Waigin da Ban Sa Ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran ƙanina a tsakar gidansa, a ƙarƙashin motar mahaifinmu. Daga Allah muka zo, kuma can muka nufa dukanmu. Shekarunsa hamsin da takwas. Ni da na girme shi da tara, na kuma riga shi kwanciya ciwo, ni aka bari ina wannan rubutu.

Ƙanina, zan fara da abin da ban taɓa faɗa maka ba, ko da yake ka sani. Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da kai a zuciya saboda motar nan. Ni ne babba, ni na karanta aikin injiniya har na zo da takarda mai hatimi. Kai kuwa aji huɗu ka gudu daga makaranta ka maƙale a gareji, har Baba ya sa maka suna Baƙin Mai, sunan ya bi ka har furfura. Amma da ciwon ajali ya kama Baba, kai ya miƙa wa makullin motar. Ya dube ni ya ce, "Kai ka san mota a takarda, shi ya san kukanta." Ban yafe wannan magana ba, kuma tun da mai maganar ya tafi, kai na ɗora wa.

Takardar tawa ma ba ta tsinana mini komai ba. Masana'antar da na ba ƙuruciyata ta sallame ni, yaran da na koya wa riƙon ma'auni su suka sa hannu a wasiƙar. Abokan da suka cika mini falo a da, sai na ga ƙeyarsu a titi. Kai kaɗai ka ci gaba da zuwa. Kakan shigo da wani ƙarfe a hannu ka ce, "Injiniya, taimaka ka auna mini wannan, kaina ya kulle." Na daɗe kafin na gane cewa ka riga ka san amsar. So kake in ji ina da sauran amfani. Da ɓarin jikina na hagu ya shanye, kai ka goya ni a matakalar asibiti, ka kawo ni ɗakin gaba na gidanka, ka kafa mini bututun da zan riƙa kamawa a banɗaki da hannunka. Ban ce maka na gode yadda ya kamata ba. Ina ci ina sha a gidanka, ina hararar motar ta taga.

Bara ka shigo ɗakina ka zauna a bakin gado ka ce za ka cire giyabos ɗin motar, wato akwatin giyarta, ka sa mata na otomatik, mai giya ta huɗu ta sama, wadda ke barin inji ya huta a doguwar hanya. Na ce ka haukace, za ka lalata motar Baba. Ka ce, "Yaya, ƙafar da za ta taka kuloci ta yi murabus. Ta dama tana nan. Ko so kake ka mutu ba ka tuƙa ta ba?" Na juya fuska bango. Washegari na ji ƙarar jak.

A gida ka yi aikin, ba a gareji ba, don in kasance a wurin. Daga ranar da aka ɗaga motar nan tsoro ya shige ni, bai kuma fita ba. Daɓen tsakar gidan yana da gangara zuwa ƙofa saboda ruwan sama. Birkin hannun motar ya mutu tun zamanin Baba, kuma ba wanda ya taɓa gyara shi, domin duk gidanmu abu ɗaya aka koya mana: in ka tsaya, bar ta a giya. Haka Baba ya yi, haka ka yi shekara talatin da ɗaya, ba ta taɓa motsawa ba. Ni dai na ga hatsari a masana'anta, na san nauyin ƙarfe. Na sa kafinta ya yanko mini waigi biyu na katako don tokare tayoyi. Kullum kafin ka shiga ƙarƙashi sai na ja ƙafa na je na cusa su a tayoyi, na doke su da sandata. Kana dariya kana cewa, "Sarkin tsoro ya iso, a buɗe aiki." Ina zaune a kujera ina kallon tafin ƙafarka kawai, in ka yi shiru na minti ɗaya sai in kira sunanka. Ka ce, "Ina nan, Injiniya, ban mutu ba, noti ne ya ƙi."

Wata huɗu muka yi. Sabon giyabos ya fi tsohon tsawo, dole aka ja ƙarfen da ke tallafe shi baya, aka huda sababbin ramuka. Farfela, dogon ƙarfen da ke kai juyi zuwa tayoyin baya, sai da aka rage mata tsawo. Ni na auna, sau uku, na rubuta wa mai walda a takarda. Ka ja bututun mai zuwa lagireto mai sanyaya inji don kada giya ta yi zafi. Kwana biyu muka yi muna musu a kan wayar da ke haɗa totur da giya, ina karanto maka abin da littafi ya ce, kana cewa littafin bai taɓa jin ƙaurin giyar da ta ƙone ba. A ƙarshe wurin da ka sa alama da farce da wurin da lissafina ya nuna suka zo ɗaya. Ka ce, "Ashe da Baba ya haɗa mu, da ya sami makanike guda cikakke." Ranar da ka kwance fedar kuloci, ka kawo mini ita ka ce in ajiye a ƙarƙashin filo. Na rubuta jerin abin da ya rage a bayan kwali. Birkin hannu ne na ƙarshe, na kuma rubuta a gefensa: daga baya.

Ranar Talatar muka sauke motar daga jak. Ni na zare waigin da kaina na jefa su a but, wurin kaya na bayan motar. Ka buɗe mini ƙofar direba ka ba ni makulli. Muka fita babban titi, ta shiga ta ɗaya, ta biyu, ta uku, sai na ji injin ya sassauta murya kamar mai sauke numfashi. Ka daki cinyata ka ce, "Ka ji ta huɗu? Ka ji?" Na ji. Na ji kuma abin da na shekara talatin da ɗaya ina riƙe da shi ya narke, har na buɗe baki zan faɗa maka, sai na ce bari mu koma gida tukuna.

A hanyar dawowa ka ce kana jin wata 'yar girgiza a ƙasa, farfela ce ba ta zauna daidai ba, aikin minti goma ne. Na hau da tayoyin baya kan katakai biyu masu kauri, na sa giyar fakin, na fito na zauna a kujerata da makulli a hannu ina jujjuya shi kamar yaro. Ka shimfiɗa kwali ka shige. Daga ƙarƙashi ka ce, "Yaya, tana giya?" Na ce, "Tana giya."

Giya farfela take riƙewa, farfela ke riƙe tayoyi. In an kwance farfela, ba abin da ke riƙe da motar. Wannan ɗan aji ɗaya a makarantarmu ta injiniya ya san shi. Kai ma ka sani, amma ka saba cewa Yaya ya riga ya sa waigi, wata huɗu ban taɓa fashi ba. Ni kuwa rana ɗaya tak na yi farin ciki, na manta da tsoro. Na ji notin farfela na huɗu ya faɗi a daɓe. Na ga taya ta juya. Taku uku ne tsakanina da fedar birki, ƙafar nan ba ta kai ni ba. Motar ta sauko daga katakan, maƙwabta suka ɗaga ta daga kanka. Ba mu kai asibiti da kai ba.

Yau kwana goma sha biyu ke nan, kuma ba wanda na faɗa wa. Mutanen gida sun ɗauka giyar fakin ce ta ƙwace. Babban ɗanka yana cewa mai sayar da kayan gwanjon da ya ba ka giyabos ya cuce ka, ya rantse sai ya je shagonsa. Matarka tana kawo mini abinci da hannunta tana cewa, "Yaya, ka ci. Kai dai ka yi iyakar ƙoƙarinka, kullum kai ke tsaronsa." Ina karɓar kwanon ina kallon ƙasa. Tsoro nake ji, irin wanda ban ji ba ko ranar da jikina ya shanye. Duk duniya wannan gida ne kaɗai ya rage da ake sakin fuska in an gan ni. Ina tsoron ranar da jikokinka za su daina shigowa ɗakina, ina tsoron yadda idon matarka zai koma. Sau biyu na kira ɗanka don in gaya masa, sau biyu na ƙare da tambayarsa lafiyar aiki. Bakina ya kasa, shi ya sa na rubuta, tun da rubutun ne kaɗai abin da karatuna ya bar mini.

To, ku ji, iyalan ƙanina. Giyabos ɗin lafiyarsa ƙalau, mai kayan gwanjo ba shi da laifi, kada kowa ya je masa. Ku buɗe but ɗin motar, za ku ga waigi biyu. Ni na sa su a can, ni kuma na ce masa tana giya. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, amma ban yarda in ɓuya a bayan wannan ba. Abin da kuka ga dama ku yi da ni, na karɓa. In kun ce in bar ɗakin gaba, zan bari ba tare da na ce uffan ba.

Ya Allah, ka ji ƙan bawanka. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka haskaka kabarinsa. Ya ɗauki nauyin ɗan'uwa mai ɗacin baki bai taɓa gajiya ba, ka sauƙaƙa masa nasa hisabin, ka sada shi da iyayenmu a gidan rahama. Ina miƙa ta'aziyya ga matarsa, da 'ya'yansa biyar, da jikokinsa, da abokan aikinsa na gareji waɗanda suka rufe shaguna suka raka shi. Allah ya ba ku haƙurin da ni ban samu ba. In akwai sauran wuri a zuciyarku, ku sa ni a addu'a.

Motar tana bakin ƙofa inda ta tsaya. Giya huɗu, duk suna shiga. Fedar kuloci tana ƙarƙashin filona. Maganar da na ce sai mun koma gida ban faɗa masa ba. Ƙane ɗaya gare ni, kuma ya rasu.