Wanda Ya Ƙirga Waya da Carbi

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar Malam Labbo, maɗinkin hula na Tsafe, Allah Ya jiƙansa. Kafin in faɗi ko wane ne shi, bari in fara da abin da aka ce ba ya yiwuwa.

Wani attajirin gyaɗa a Bungudu yana da akwatin rediyo irin na da, mai ƙwayaye a ciki kamar na fitila. Wata rana akwatin ya yi shiru. Aka kai shi wurin mai gyaran agogo a Gusau, ya ce waya ce ta tsinke a can tsakiyar naɗinta, sai dai a aika Ingila. Aka kai Zariya, aka ji haka. Wani ma'aikacin reluwe ya ce ba a haifi hannun da zai warware wannan naɗi ya mayar da shi ba a ƙasar nan.

Lokacin ina koyarwa a elementare ta Tsafe. Attajirin ya aiko mini da akwatin da ɗan littafinsa na Turanci, wai ko ni da na yi makarantar Midil zan gane. Na karanta har na haddace, amma na kasa taɓa komai. Labbo maƙwabcina ne, bai taɓa shiga aji ba. Ya ajiye allurarsa ya leƙa ciki, ya ce, "Malam, wanga ai zare ne. Kai dai karanta, ni in ƙirga."

Wayar ba ta fi silin gashi kauri ba. Kwana tara yana warware ta a kan karan dawa, kowane zagaye ya ja ƙwayar carbi guda, in carbi ya ƙare ya jefa tsakuwa a ƙoƙo. Da ya kai inda ta tsinke ya haɗa da dalma, ya mayar da naɗin daidai adadinsa, yana kwashe tsakuwar ɗaya bayan ɗaya.

Muka kai akwatin Bungudu. Zaure ya cika. Na murɗa, murya ta fito. Attajirin ya kama hannuna ya ɗaga, ya ce, "Jama'a, kun ga amfanin boko!" Labbo yana zaune a bakin ƙofa, wurin takalma. Na dube shi, ya dube ni, na karɓi yabon.

Daga ranar na zama Malam Mai Rediyo. Daga Wanke, daga Kucheri, daga cikin Gusau ake kawo mini akwatuna, ni kuwa in miƙa wa Labbo ta katanga. Haka muka yi shekaru, har ganinsa ya raunana, ya bar waya, ya bar allura. Na je masa sau ɗaya da niyyar neman gafara. Bai bar ni na gama ba. Ya yi dariya ya ce, "Ɗan boko, mi kake so in yi da suna yanzu? Makaho za a kawo wa akwati? Riƙe kayanka." Na karɓi wannan a matsayin yafiya saboda ta yi mini sauƙi.

Bayan rasuwarsa na bi gidaje na tattara akwatunan da hannunsa ya taɓa, har da na Bungudu, wanda magada suka ba ni. Na jera su a ɗakina a Gusau, ina gaya wa kaina cewa su ne shaida, duk ranar da na shirya yin magana. Watanni biyu da suka wuce na kwanta asibiti. Jikokina, da kyakkyawar niyya, suka share ɗakin don in dawo in sami iska, suka ba 'yan gwangwan komai. Na bi sawu har inda ake tara kayan. An riga an farfasa su da guduma, an ƙone naɗin don a fitar da jan ƙarfe.

Ina tambayar kaina abin da Labbo zai ce da zamanin da ba a buɗe abu a nemi inda ya tsinke, sai dai a auna shi a sikeli. Ina jin ba zai zagi kowa ba. Zai tambaya ne ko sun ƙirga kafin su ƙone.

Waɗanda suka cika zauren nan duk sun rasu. Shaida ta narke. Saura ni, kuma na haura tamanin. Abin da ya rage na Labbo bai wuce abin da zan faɗa da bakina ba, shi ya sa nake faɗa a jarida, inda ba zan iya janyewa ba: ban taɓa gyara rediyo ba, ko guda.

Ina roƙon Edita kada ya taƙaita wannan layi. Labbo maɗinkin hula, mutumin Tsafe, shi ya sa akwatin Bungudu ya yi magana, kwana uku bayan Babbar Sallah, shekarar 1957.